Awa 16 ko kwana 7: ɗan jaridan da ya bar mutum a cikin kogo

Akwai wani tsohon fim na Amurka, baƙi da fari, da ya fito a 1951, sunansa Ace in the Hole, wanda duk sanda na ga an yi cincirindo a kan wanda hatsari ya rutsa da shi, kowa ya ɗaga waya sama yana ɗauka babu mai sunkuyawa, shi ne yake fara faɗo min a rai. Billy Wilder ne daraktan, Kirk Douglas ne jarumin. Abin da ya sa nake so mu ɗan zauna a kansa shi ne, yawancinmu in aka ce ɗan jarida ya ci amanar aikinsa ƙarya kawai muke kawowa, wai ya ƙirƙiri labari ko ya zuba gishiri, mutum 5 sun mutu ya ce 50. To wannan fim ɗin wani laifin daban ya kamo, wanda ake aikatawa da labarin da ya faru da gaske, kuma a ganina ya fi ƙaryar muni nesa ba kusa ba.

Sunan ɗan jaridan Chuck Tatum. Gwani ne a aikinsa, wannan kam fim ɗin bai ɓoye ba, amma jaridu 11 sun kore shi a manyan birane, wata saboda shaye-shaye, wata saboda ya jawo mata ƙarar ɓata suna, wata kuma saboda neman matar maigidansa. Ya faɗo garin Albuquerque a jihar New Mexico ana jan motarsa da ta mutu, aljihu fayau, ya shiga ofishin wata ƙaramar jarida ya ce wa mai ita shi ɗan jaridan dala 250 ne a sati amma za a iya samunsa a kan 50. Mai jaridar, wani dattijo mai suna Boot, mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa, ga bel a wando ga kuma igiyar rataye wando duk ya haɗa, sannan a bangon ofis an rataye wani ƙyalle da aka yi wa ɗinkin hannu an rubuta a faɗi gaskiya. Ku riƙe ƙyallen nan, za mu dawo kansa.

Shekara guda cur yana zaune a garin babu wani labarin da zai mai da shi New York, har ya kusa haukacewa. Ran nan aka tura shi ɗauko rahoton farautar macizai tare da wani yaro mai ɗaukar hoto, Herbie, sai suka tsaya shan mai a wani ƙauye suka ji cewa wani mutum, Leo Minosa, tsohon soja mai ɗan shago da gidan abinci a bakin hanya, ya shiga wani tsohon kogon 'yan asalin ƙasar neman tukwanen da zai sayar, ƙasa ta rufto ta danne masa ƙafafu. Tatum ya karɓi tocila ya shiga har inda yake, ya kai masa bargo da kofi, ya kwantar masa da hankali, ya ɗauke shi hoto. Leo yana ganin Allah ya aiko masa da aboki.

Ga inda maganar take. Ɗan kwangilar da aka kira ya duba ya ce in aka tokare bangon kogon da katako aka bi ta ciki, kamar awa 16 an fito da shi. Tatum ya yi lissafi, labarin awa 16 ai bugu ɗaya ne na jarida, gobe kowa ya manta, shi kuma sati guda yake buƙata kafin ƙasa ta ɗauka. Sai ya sa aka canza dabara, aka ce wai bi ta ciki da hatsari, a hau saman dutsen da injin haƙa a huda daga can, aikin da zai ci wajen kwana 7. Shikenan, a wannan 'yar hirar ta minti biyu aka kashe Leo, sauran fim ɗin jiran gawa ne kawai, kuma babu wanda ya ɗaga masa ko yatsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Tatum shi kaɗai ba zai iya wannan ba, kuma Wilder ya bi a hankali ya nuna da me aka sayi kowa. Shugaban 'yan sandan yankin, wanda a Amurka zaɓarsa ake yi, zaɓe ya matso kuma ba shi da wani abin kirki da zai nuna, Tatum ya ce masa zan mai da kai gwarzo a shafin farko kullum, kai kuma ka hana sauran 'yan jarida shiga kogon, labarin nawa ne ni kaɗai. Daga baya har sunansa aka rubuta da fenti ɓaro-ɓaro a jikin dutsen ana cewa a sake zaɓarsa, mutum yana can ƙasa yana nishi. Ɗan kwangilar kuwa ya san gaskiya sarai, ya faɗe ta ma, amma da aka tuna masa ta hannun wa yake samun aiki sai ya haɗiye maganarsa, kuma wallahi shi ne ya fi ban tsoro a wajena don irinsa sun fi yawa a duniya, ba mugu ba ne, tuwonsa kawai yake karewa. Matar Leo, Lorraine, da ma ta gaji da auren da ƙauyen, har ta ɗauki akwatinta za ta shiga mota, Tatum ya tsayar da ita don labarin ba ya tafiya sai da mace mai hawaye, ya ce ki jira ki ga cinikin da za ki yi. Ta kuwa gani. Akwai wajen da ta zo tana murmushi saboda kuɗin da suka shigo, ya kwaɗa mata mari don fuskarta ta koma ta matar da mijinta ke cikin rami.

Sai kuma jama'a. Da farko wani magidanci ne da matarsa da yaransa suka ratso daga hanya don sun karanta a jarida, kafin ka ce kwabo fili ya cika da motoci da tantuna, an kafa lilo irin na wajen wasan sallah, masu sai da abinci, makaɗa sun yi wa Leo waƙa ana sayar da takardar waƙar, har jirgin ƙasa na musamman ake cikowa. Kuɗin shiga wajen ya fara daga kwabo 25 na dala, ya koma 50, ya koma dala guda. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, ban taɓa ganin inda karin maganar nan ta zauna daram kamar nan ba. Shi kuma Leo duk tsawon kwanakin nan injin yana dukan dutse a saman kansa dare da rana, ba barci, ba motsi, ga sanyi, ga ƙura. Har wani tsohon mai haƙar ma'adinai ya fito a rediyo ya ce shi dai a saninsa ba haka ake ceton mutum ba, ta ciki ake bi, aka yi ta-maza aka share maganar.

Wani zai ce ai fim ne, an kambama. To ba daga sama Wilder ya ɗauko ba. A 30 ga Janairun 1925 wani mai binciken koguna, Floyd Collins, ya maƙale a wani kogo a jihar Kentucky, dutse ya danne masa ƙafa. Wani matashin ɗan jarida mai ƙaramin jiki daga jaridar Courier-Journal ta Louisville, William Miller, shi ne ya dinga rarrafawa ciki yana kai masa abinci yana hira da shi, labarin ya game Amurka ta jaridu da rediyo, dubban mutane suka yi dafifi a bakin kogon har da 'yan kasuwa. Sai 16 ga Fabrairu aka isa inda yake, an tarar ya riga ya rasu. Miller ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida a Amurka, a 1926, kuma a cikin fim ɗin Tatum da bakinsa yake kawo wannan labarin, kyautar ce ta tsaya masa a rai ba mamacin ba. Sai dai a yi wa Miller adalci, shi da gaske ya yi ƙoƙarin ciro mutumin, bai jinkirta komai ba. Amma ku ji abin da ya biyo baya, daga 1927 an sa gawar Collins a akwati mai murfin gilas a cikin wani kogo masu yawon buɗe ido suna biya suna kallo, sai a 1989 aka mai da shi maƙabarta. Wannan ba fim ba ne. Sannan a 1949, shekara biyu kafin fim ɗin, wata yarinya 'yar shekara 3, Kathy Fiscus, ta faɗa tsohuwar rijiya a Kalifoniya, gidan talabijin na KTLA ya nuna aikin ceton kai tsaye sama da kwana guda, ita ma ba a same ta da rai ba.

Me ya sa kullum mutum ɗaya a rami? Tatum ya yi wa Herbie bayani, kuma duk da ina ƙin mutumin, a nan bai yi ƙarya ba. Ya ce in ka karanta mutum 84 ko 284 ko miliyan sun halaka kamar a yunwar ƙasar Sin, ka karanta ka wuce, ba ya zama a ranka, amma mutum ɗaya kana so ka san komai nasa. Haka zuciyar ɗan Adam take, kuma ba aibu ba ne, da wannan tausayin ne ake tara gudummawa ake kai agaji. Matsalar ita ce wanda ya gane wannan sirrin yana iya mai da shi jari. Mutum ɗaya, mai suna da fuska da uwa mai addu'a, kuma ba a san ƙarshensa ba, zai fito ko ba zai fito ba, wannan rashin sanin shi ne hajar, shi ke sa ka sayi jaridar gobe. Ranar da aka ciro shi kasuwa ta tashi. Kenan ɗan jaridan ya wayi gari amfaninsa yana cikin daɗewar wahalar, amfanin Leo kuma yana cikin gajartarta, kuma Leo bai sani ba, har ya kusa cikawa yana ganin Tatum ne amininsa a duniya.

Yanzu mu koma kan ƙyallen nan na a faɗi gaskiya. Tatum ya yi ƙarya, e, ya ƙaga maganar wai aljanun dutsen ne suka kama Leo, ya mai da matar da ke shirin gudu ta zama abar tausayi. Amma cire waɗannan duka, gundarin labarin gaskiya ne, akwai mutum a kogo, ana haƙa, iyayensa na kuka. Da za a tace rahotanninsa a goge kowace ƙarya da Leo duk da haka ya mutu, don ba abin da aka rubuta ne ya kashe shi ba, abin da aka shirya ne don a samu na rubutawa. Dattijo Boot mutumin kirki ne, ya taso takanas ya zo wajen ya nuna ɓacin ransa, amma ƙa'idarsa ba ta da hannun da za ta kamo irin wannan laifin, Tatum ya ajiye masa aikinsa ya koma sayar wa wata jaridar New York labarin a kan dala 1,000 kullum.

Kuma ba Wilder ne ya fara wannan tunanin ba. Shekara 20 kafin nan, a 1931, an yi wani fim mai suna Five Star Final, inda Edward G. Robinson ya fito a editan wata jaridar New York da mai ita ya matsa masa a kan ciniki ya ja baya. Sai suka tono labarin wata mata da ta harbe wani mutum shekara 20 da suka wuce, ta riga ta yi aure ta rufa wa kanta asiri, 'yarta na gab da ɗaurin aure ba ta ma san komai ba. Suka tura ɗan rahoto ya yi shigar limamin coci ya shiga gidan ya yaudare su ya samo hoto. Abin da suka buga ya faru da gaske. Matar ta kashe kanta, mijinta ya bi ta. Editan kuma duk tsawon fim ɗin sai wanke hannu yake ta yi da sabulu. Wanda ya rubuta wasan kwaikwayon da aka ɗauko fim ɗin daga ciki, Louis Weitzenkorn, shi kansa ya taɓa zama edita a irin waɗannan jaridun, New York Evening Graphic, don haka gida ya tona. Mu a nan ai ba baƙon zance ba ne, mun san tonon asiri laifi ne ko da abin da aka tona gaskiya ne, kuma mun san gulma ba sai da ƙarya ba.

In ka tambayi daga ina wannan yunwar ta samo asali, kuɗi ne tsagwaronsa. A 1895 William Randolph Hearst ya sayi New York Journal ya shiga gasa da New York World ta Joseph Pulitzer, e, shi dai mai kyautar nan. Jaridar kwabo ɗaya ce, yara ke tallarta a titi suna ihun kanun labarai, riba kuma tana wajen masu talla, su kuma yawan kwafin da aka sayar suke kallo. Da jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Maine ya tarwatse a tashar Habana ta Kyuba a 15 ga Fabrairun 1898 sojoji sama da 260 suka mutu, tun ba a gama bincike ba jaridar Hearst ta nuna Sifaniya da yatsa, aka yi ta rura wuta, ciniki ya haura kwafi miliyan a rana lokacin yaƙin da ya ɓarke tsakanin Amurka da Sifaniya. Masana tarihi da yawa suna ganin an zuzuta cewa jaridun ne suka jawo yaƙin, amma cin ribarsa kam sun ci. Wannan Hearst ɗin ne Orson Welles ya ɗauki inuwarsa a fim ɗinsa Citizen Kane na 1941, har da wajen da Kane, mai jaridar da ke cikin fim ɗin, yake rubuta alƙawuransa na gaskiya ga masu karatu a shafin farko, daga baya abokinsa ya aiko masa da takardar shi kuma ya yayyaga ta. Hearst ya hana jaridunsa ko ambatar fim ɗin.

Amma Kane attajiri ne, kana iya kallonsa ka ce halin manya ne, ba ruwanka. Haka His Girl Friday na 1940, fim mai ban dariya da sauri kamar ana zuba tsakuwa, 'yan jarida na zaune suna karta suna jiran a rataye wani talaka, har ɗaya yana roƙon a matso da lokacin ratayar don ta shiga bugun safe, suna tsangwamar wata baiwar Allah da tambayoyi da ƙage har ta faɗo ta taga. Duk wannan yana ciki, amma da yake Cary Grant da Rosalind Russell ne jaruman, kuma a ƙarshe sun tona asirin magajin gari sun ceci wanda za a rataye, sai ka fito kana sonsu, an yafe musu. Ni fim ɗin yana burge ni, amma ina ganin ya yi wa sana'ar sassauci da yawa.

Wilder bai yi wa kowa sassauci ba, kuma ya san aikin daga ciki don shi ma ɗan jarida ne a Biyana da Balin tun yana saurayi kafin ya bar Jamus da hawan Hitler. Ya juyo da kyamara kan masu sayen tikiti. Wannan magidancin da ya zo da yaransa yana alfahari su ne suka fara zuwa, ba mugu ba ne, har matarsa ta yi hawaye da aka ce Leo ya mutu, amma kwabonsa ne ya sa injin ya ci gaba da duka daga sama. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Mutanen Amurka kuwa ba su ji daɗin ganin kansu ba, fim ɗin ya faɗi a kasuwa, masu sharhi a jaridu da yawa suka yi masa ca wai babu ɗan jaridan da zai yi haka, kamfanin Paramount ya canza masa suna zuwa The Big Carnival ba da yardar Wilder ba ko za a samu masu shiga, bai hana ba. A Turai ne aka karɓe shi, ya samu kyauta a bikin finafinai na Venis, sai a 2017 Amurka ta sa shi cikin kundin finafinan da take adanawa.

Ni dai na tuna farkon Fabrairun 2022, lokacin da yaron nan Rayan ɗan shekara 5 ya faɗa rijiya mai zurfin mita 32 a wani ƙauye a arewacin Maroko. Kwana biyar muna manne da waya, a Facebook da WhatsApp ba a zancen komai sai shi, ana ta addu'a, kuma addu'ar nan daga zuci take, ban yarda wani ya ce ta bogi ce ba. A can babu Tatum, masu ceton sun haƙa ta gefe a hankali ne saboda ƙasar tana iya ruftawa. Amma dubban mutane sun cika wajen, kuma mun ga shafukan da suka dinga sa "da ɗumi-ɗuminsa" duk bayan minti goma babu wani sabon abu, mun ga hotunan wasu yaran daban ana cewa shi ne, kuma da aka fito da shi daren 5 ga wata an fara murna ana yaɗa cewa yana da rai kafin sanarwar fadar sarki ta fito cewa ya rasu. Wanda ke tara mabiya da wannan labarin lissafinsa ɗaya da na mai jaridar kwabo, bambancin kawai yanzu ba sai kana da injin buga jarida ba, data ta ɗari biyu ta isa.

A fim ɗin, da likita ya ce sanyi ya kama huhun Leo ba zai kai lokacin da injin zai iso ba, Tatum ya rikice ya ruga wajen ɗan kwangila ya ce a koma dabarar farko, a bi ta ciki. Mutumin ya ce ai yanzu ba zai yiwu ba, dukan injin ya sassauta dutsen, ana taɓawa zai rufto. Har yau ina juya wannan wajen, nadama ce ta kama shi ko kuwa ganin labarinsa zai ƙare ba yadda ya tsara ba, kuma ina jin duka biyun ne, Kirk Douglas ya bar su a cakuɗe a fuskarsa. Tatum ya shaƙe Lorraine da mayafin wuya na gashin dabba da Leo ya saya mata na cikar shekarun aurensu, ta soke shi da almakashi a ciki, bai je asibiti ba, ya ɗauko limamin coci ya kai shi cikin kogon ya yi wa Leo addu'ar ƙarshe. Sannan ya hau saman dutsen ya karɓi lasifika ya ce Leo ya mutu, kowa ya koma gida. Ya kira New York zai faɗi ainihin abin da ya faru, cewa shi ya ajiye mutumin kwana shida a rami, editan ya katse wayar, wannan gaskiyar ba mai saye. Daga ƙarshe a ofishin Boot ya faɗi matacce.

Kafin nan an nuna filin, cikin ɗan lokaci an kwance tantuna, motoci sun bi layi sun fice, ƙura ta lafa. Ba wanda ya rage sai mahaifin Leo, tsoho mai ɗingishi, yana tafe shi kaɗai a gaban dutsen, ga allon da aka rubuta cewa kuɗin shiga na asusun ceton Leo Minosa ne yana nan a kafe.